Wa Zai Yi Yaɓe Bana?

Ƴan'uwana ɗalibai, akwai tambayar da ba a taɓa kawo mana ita a jarabawar filo ba, amma kowace shekara sai an yi ta a gidajenmu. Da zarar watan Mayu ya kama, zafi ya kai maƙura, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, sai ka ji ta a tsoffin unguwannin Dogon Dutsi, ka ji ta a Matankari, a Tibiri, a Gesheme: wa zai yi yaɓe bana? Wa zai canza itacen rufin zaure da gara ta cinye? Wa zai buɗe rariya kafin ruwan Agusta ya kwanta a tsakar gida? Ɗakin kowa yana da mai shi, wannan ba gardama. Amma zaure da katanga da makewayi da hanyar ruwa na kowa ne, kuma nan ne magana ke tsayawa. Kowa na kallon ɗan'uwansa, damana kuwa ba ta jiran a gama kallon juna.

Gidan da nike magana a kai shi ne wanda muke kira gidan gado, ko babban gida. Kakan kakanmu ne ya kafa shi, tun kafin yaƙin Hitila na 1939 zuwa 1945. Wasu ma tun farkon ƙarni na 20 suke, lokacin da Turawan Faransa sunka ɗauke mazaunin mulkinsu daga Matankari sunka maido shi Dutsi, gari ya fara faɗaɗa. Mutum ɗaya ne ya zagaye fili, ya tada zaure, ya yi wa matansa ɗakuna. Yau in ka shiga ta zauren nan guda, sai ka tarar da magidanta shida ko takwas, kowa da sashensa da tukunyarsa: ƴan ɗaki ɗaya, ƴan uba, ɗiyan baffanni, har da tsohuwar da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Gidan ya ga yunwar 1931, ya ga farin 1973 da na 1984, bai faɗi ba. Sai yanzu da jikokinsa sunka yi lekwal, wasu ma na ɗaukar albashi, katangarsa ke zubewa.

To, mutumin da ya buɗe ido ya tsinci kansa cikin gidan da ba shi ya gina ba, kuma ba shi kaɗai ke da shi ba, mi ke bisa wuyansa? In kuma zaman ya ishe shi, yana da ikon ya sayar da rabonsa ga wanda ya ga dama, ya kama gabansa? Hausa ma ta haɗa abubuwan biyu a baki ɗaya: wane ya gaji gida, wane ya gaji da gida. Sau da yawa mutum ɗaya ake nufi.

Mi munka gada?

Duk wanda ya taɓa taka ƙasa da ƙafarsa ranar kwaɓi ya san ginin ƙasa ba ya zama yadda anka bar shi. Ruwa na lasar bango kowace damana, danshi na cin gindinsa, indararo in ya toshe sai ruwa ya nemi hanya ta cikin soro. Dole a kwaɓa sabuwar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana, a shafa. Masu hali su bi da makuba don ruwa ya riƙa zamewa. Azarar giginya, irin ta Dallol Mawri wadda gara ba ta iya mata, yanzu ta yi tsada, sai a sa itacen da ya samu, shi kuma bayan ƴan shekaru a sake. In ka lissafa haka, a gidan da ya shekara 90, da wuya ka samu dunƙulen ƙasa ɗaya a fuskar bango wanda hannun mai kafa gidan ya taɓa. Duk da haka muna cewa gidan kakanmu ne, kuma ba ƙarya muke ba. Zauren yana inda ya sa shi, ƙofar tana kallon inda ya juya ta. Abin da ya haɗa mu da shi hannuwa ne da sunka yi ta bin juna da yaɓe, uba ya bar wa ɗa, ba tare da an tsallake damana da yawa ba.

Dubi hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda tsohon garin da take ciki ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Itatuwan nan da sunka fito daga jikinta, waɗanda baƙi ke ɗauka ado ne, su ne matakan da magina ke hawa in za a sabunta yaɓe. Waɗanda sunka gina ta sun bar wa na baya wurin taka ƙafa, don sun san aikin ba ya ƙarewa da su. A ɗaya gefen kuma, a watan Satumba na 2024, ruwan sama mai yawa ya kada tsohon masallacin Birnin Damagaram, ginin ƙarni na 19. Mutane da yawa sun ga faɗuwarsa a waya. Tsufa da daraja ba su hana ruwa aikinsa a jikin ƙasa.

Ke nan wanda ya karɓi ɗaki a gidan gado ya karɓi aiki tare da shi, ko ya sani ko bai sani ba. Ya kwana a inuwar wahalar waɗanda sunka riga shi, kuma ba shi da hanyar biyansu, tunda sun tafi. Hanya ɗaya ce ta rage, ya yi wa na bayansa abin da anka yi masa. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Ina gizo ke saƙa?

In haka ne, don mi kowa ke noƙewa? Waɗanda sunka yi tarminal sun san Aristot. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa ya yi wa malaminsa Aflatun gardama bisa mallakar tarayya, ya nuna cewa abin da mutane da yawa sunka haɗu a kansa shi ne aka fi sakaci da shi, don kowa na zaton wani zai kula. Wannan gaskiya ce da ba ta buƙatar Girkanci. Duk wanda ya zauna gidan haya a Yamai, inda ɗaki goma ke da famfo ɗaya da makewayi ɗaya, ya ga ta da idonsa. Amma bayanin bai cika ba. Gidajenmu sun shekara da shekaru suna na tarayya, kuma ana yi musu yaɓe. Akwai abin da ya canza.

Abin da ya canza shi ne gandu. A da, maigida na riƙe da babbar gona da babban rumbu. Ɗiya da ƙanne na yi masa noma yawancin kwanakin mako, sauran kwanakin kowa ya tafi gamanarsa. Shi kuma shi ke biyan haraji, shi ke yi wa samari aure, shi ke cewa gobe kowa ya fito a ɗebo ƙasa. Aljihu ɗaya ne, umarni ɗaya ne, gyaran gida na fita daga inda abinci ke fita. Sai kuɗi ya shigo, tafiya biɗa ta yawaita, lekwal ta fitar da wasu, gonaki sunka rarrabu. Yau kowane magidanci yana da rumbunsa da lissafinsa. An raba tukunya, an raba gona, gida kaɗai ne ba a raba ba. Tsohon da ake kira maigida yana nan zaune a zaure, ana gaishe shi, amma ba shi da rumbun da zai buɗe, ba shi kuma da ikon tilasta wa ɗan ƙanensa mai shekara 40. Tsohuwar doka ta mutu, ba a kafa wata a gurbinta ba.

Magada kuma sun kasu. Akwai na ciki, waɗanda ruwa ke zuba a kansu. Akwai na waje, a Yamai ko Legas ko Kwatanu ko Abijan, waɗanda sunka kulle ɗakunansu sunka tafi da makulli. Akwai mata da ke gidajen aurensu, waɗanda ba a ma kiransu in za a yi shawara. Na ciki na cewa don mi za mu gyara abin da gobe za a zo a raba da mu. Na waje na cewa don mi za mu biya kuɗin inda ba mu kwana. A gidanmu an taɓa yin wannan taƙaddama ta waya, an buɗe murya kowa na ji. Wani baffana da ke Abijan ya ce, "Ni hwa shekara goma sha biyu ban kwana gidan ga ba. Ɗakina na kulle. Mi zan biya?" Kowa ya yi shiru, sai kakarmu, abokiyar zaman mahaifiyarsa, ta matso kusa da wayar ta ce, "Ɗan nan, ɗakinka na kulle, amma bangonshi na jingine da nawa. In yah hwaɗi, bisa wa za shi hwaɗi?" Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri." Bayan sati biyu ya aiko da kuɗin. Sai dai kunyar tsohuwa ce ta biya yaɓen wannan shekara, kuma tsofaffin ba za su dawwama ba.

Gidan teloli a Amurka

Akwai wasu mutane a wata ƙasa mai nisa da sunka fuskanci irin wannan tambaya, kuma amsarsu ta ba ni abin tunani. A birnin Niyok na Amurka, a shekarun 1920, ma'aikatan ɗinkin tufafi, yawancinsu Yahudawa baƙi daga gabashin Turai, suna zaune a cunkushe cikin gidajen haya marasa iska da haske. Ƙungiyarsu ta ƙwadago, Amalgamated, ƙarƙashin shugabanta Sidney Hillman, tare da wani mai suna Abraham Kazan, ta tsaya musu sunka gina gidajen bene a unguwar Bronx. A 1927 iyali 303 sunka tare. Kowa ya zuba dalar Amurka 500 bisa kowane ɗaki, sannan yana biyan dala 11 bisa kowane ɗaki a wata.

Tsarin shi ne abin lura. Ba wanda ya mallaki sashen da yake kwana ciki. Ginin gaba ɗaya na ƙungiyar mazauna ne, wato koperatif kamar yadda muke cewa, kowane iyali kuma yana da hannun jari a cikinta, jarin ne ke ba shi haƙƙin zama. Kuɗin wata-wata shi ke gyara rufi da matakala da bututun ruwa. Mazauna ke zaɓen masu tafiyar da gidan, kowane iyali ƙuri'a ɗaya, mai babban sashe da mai ƙarami duk ɗaya. Wannan ƙa'ida sun ɗauko ta daga mutum 28 na garin Rochdale a Ingila, masaƙa da wasu masu sana'a, da sunka buɗe shagon gama kai a 1844. Sannan ga ƙa'idar da ta fi kowace nauyi: in za ka tashi, ba ka da ikon kai sashenka kasuwa. Ƙungiya za ta maida maka abin da ka zuba, ta ba na gaba a layin masu jira. Wannan koperatif ta tsallake karayar tattalin arziki ta 1929, ta tsallake yaƙin duniya, tana nan har yau da iyali kusan 1,500, wasu cikin gine-ginen da anka yi tun kafin yaƙin.

Mutanen nan ba kaka ɗaya gare su ba. Abin da ya riƙe su rubutacciyar yarjejeniya ce da asusu da taro. Mu kuwa muna da kaka ɗaya, shi ya sa muke jin kunyar rubuta komi. In ka ce a kawo takarda, sai a ce, "Haba, tsakanin ƴan'uwa?" Alhali tsakanin ƴan'uwan ne rigima ta fi zafi, don wanda ba naka ba in ya cuce ka kana iya kai shi ƙara ka huta, ɗan'uwa kuwa sai dai ka haɗiye, ka daina gaishe shi, ɗiyanku su gaji gabar ba su san mafarinta ba.

Labarin yana da ɗaya fuskar. A titin Grand da ke kudancin Manhatan, inda ƙungiyar telolin ta gina wani gida irin wannan a 1930, daga baya anka ƙara wasu, mazauna sun kaɗa ƙuri'a a ƙarshen shekarun 1990 sunka cire ƙa'idar hana sayarwa. Farashin sassan ya ninka sau da yawa. Waɗanda zamani ya tarar a ciki sun samu dukiya, kuma bisa doka sunka same ta. Amma tela mai ƙaramin albashi, irin wanda anka gina gidan dominsa, yau ba ya iya shiga. Ribar da mutanen wannan lokaci sunka kwasa, haƙurin waɗanda sunka riga su ne ya tara ta, su da sunka zauna sunka tashi ba su nemi ko sisi bisa abin da sunka zuba ba.

Rabona ne, in na so in sayar

Wannan ya dawo da mu gida. Tsohon gidan da ke kusa da kasuwa, ko wanda ke bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dutsi ta nufi Ƙonni, yanzu kuɗi ne. Ɗan kasuwa na son gefen da ke kallon kwalta ya fasa shaguna. Sai wani magaji ya ce rabona ne, halalina ne, ina da bukata. Kuma gaskiyarsa, halalinsa ne. Amma ya kamata ya tambayi kansa daga ina darajar wannan gefe ta fito. Ba shi ya zaɓi wurin ba. Ba shi kaɗai ya hana bangon faɗuwa shekara da shekaru ba. In ya sayar wa baƙo, baƙon zai tada ginin siminti mai rufin tol, ruwan rufinsa ya riƙa zuba a gindin bangon ƙasa na maƙwabcin ɗaki, ya toshe rariyar da duk gidan ke amfani da ita. Ya sayar da nasa, amma ya haɗa da wani abu na sauran.

Akwai hadisi sananne a cikin Buhari da ke ba da misalin mutanen da sunka yi ƙuri'a bisa wurin zama a jirgin ruwa, wasu sunka samu sama, wasu ƙasa. Na ƙasa sunka yi tunanin su huda nasu gefen su riƙa ɗibar ruwa, don kada su dami na sama. In an bar su, kowa ya nutse. Abin da ya ja hankalina shi ne na ƙasan ba mugaye ba ne, kuma wurin da za su huda nasu ne. Kuskurensu ɗaya, sun ɗauka cewa rabonsu yana ƙarewa a inda iyakarsa ta ƙare.

Malaman fiƙihu sun daɗe da ganin wannan matsala. A mazhabar Malikiyya da muke bi akwai haƙƙin shuf'a, kuma Risala, da ake karantawa a zaurukanmu, tana da babi a kansa. Ma'anarsa, in mutane sun yi tarayya a gida ko fili da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga wani na waje, abokin tarayya yana da ikon ya karɓe wannan rabo ya biya kuɗin da mai sayen ya biya. In an riga an raba an kafa iyakoki, haƙƙin ya faɗi. In kuma yana gari, ya sani, ya yi shiru har shekara ta wuce, nan ma ya faɗi. Shuf'a ba ta kayyade farashi kamar yadda telolin Bronx sunka yi, amma tushen tunanin ɗaya ne: wanda kuke jingine da bango ɗaya yana gaba da baƙo. Da yawanmu mun san sunan Aristot, ba mu taɓa jin wannan kalma ba, alhali ita ce ta shafi ɗakin da muke kwana.

Kada mu yi wa gidan gado kwalliya

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ina tare da su a rabin maganar. Zaman babban gida yana da ɗaci. Saurayi ya yi aure, amaryarsa ba ta da inda za ta yi dariya ba a ji ba. Abin da ka saya an gani, abin da ka dafa an shinshina. Wanda ya samu ana jin haushinsa, wanda ya rasa ana yi masa gori. Mutum yana da haƙƙin ya nemi parsel a bayan gari ya gina nasa, ya rufe ƙofarsa. Ba laifi ba ne, kuma wani lokaci tashin mutum ɗaya shi ke kawo wa sauran zaman lafiya.

Abin da ya fi wannan muni shi ne zaluncin da ke ɓuya a bayan kalmar "ba a raba gidan gado". Ku lura da wanda ya fi yawan faɗinta. Galibi shi ne wanda ya mamaye sashe mafi girma. Shari'a ta ba ɗiya mace rabin rabon ɗa namiji, ta ba matar mamaci ɗaya bisa takwas in akwai ɗiya, ta tsare rabon maraya. Amma gwaggonninmu nawa ne sunka mutu ba su ga ko taku ɗaya na gidan ubansu ba? An ce musu ai gidanku ne, duk ranar da kunka zo ƙofa a buɗe take. Ranar da aure ya mutu ta dawo, sai a rasa ɗakin da za a ba ta, a sa ta tare da yara. In wannan ne ake kira riƙon zumunci, to gara a raba, kowa ya san nasa.

Saboda haka ba kowane gidan da ba a raba ba ne abin yabo. Akwai wanda ba a raba ba don an yarda a zauna tare, akwai wanda ba a raba ba don masu rauni na tsoron buɗe baki. Daga waje kamarsu ɗaya. Abin da ke bambanta su shi ne ko kowa ya san rabonsa, ko an tambaye shi, ko kuma yana da hanyar fita ba tare da an kira shi mai raba zumunci ba. Ni a ganina, aikin yaɓe yana hawa wuyan wanda anka amince da haƙƙinsa. Ba daidai ba ne a nemi gudummawar mace ranar gyara, a manta da ita ranar rabo.

Abin da za a iya yi

Wata Ba'amurkiya mai suna Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, a 2009, ta yi shekaru tana nazarin makiyayar tarayya a tsaunukan Suwizalan da hanyoyin ban ruwa a Sifen da wasu wurare. Ta gano cewa abin tarayya yana iya daɗewa ɗaruruwan shekaru in an san su wa ke ciki, in waɗanda doka za ta hau kansu su ne sunka tsara ta, in akwai mai sa ido, in horo yana farawa da kaɗan, in kuma akwai wurin sasanta rigima kusa kuma da araha. Ba sai mun je Turai neman shaida ba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da sunka faro a yankin Maraɗi a 1991, a kan haka suke tafiya: zubi kowane mako, akwatin ƙarfe mai kwaɗo, tara ga wadda ta makara, lissafi a gaban kowa. Iyayenmu mata, da yawansu ba su yi lekwal ba, sun iya riƙe asusun tarayya shekara da shekaru. Mazan gida ɗaya kuwa sun kasa haɗa kuɗin amalanken ƙasa goma.

Ga abin da nike ganin gida zai iya yi ba tare da jiran meri ko wata ƙungiya ba. Na farko, a kira malami ya fitar da rabon kowa, maza da mata da marayu, a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu, ko da ba za a ja katanga ko ɗaya ba. Sanin rabo daban, raba gida daban. Na biyu, a ware abin da ke na kowa, zaure da katangar waje da makewayi da rariya, a yi musu asusu, kowa ya zuba gwargwadon rabonsa, na ciki da na waje. Wanda ba shi da kuɗi ya biya da ƙarfinsa ranar kwaɓi, a lissafa masa. Na uku, ɗakin da anka kulle shekaru, ko dai mai shi ya ci gaba da zubi, ko ya yarda a ba wani ɗan gida ya zauna ya riƙa kula da shi. Na huɗu, wanda ke son fita a sallame shi da mutunci: ƴan gida su fara saye, a ba su wa'adi, a yarda su biya kashi-kashi. Na biyar, a shawara kowane magaji yana da baki, har da gwaggon da ke aure a Kore Mairuwa. Waya ta sauƙaƙa wannan.

Saura lokaci, kuma nan ne nike ganin muke yawan faɗuwa. Muna tada maganar yaɓe a watan Mayu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ɗan abin da ya rage na iri ne, masu biɗa kuma ba su gama dawowa ba. A wannan wata ko mai niyya ba shi da hali. Lokacin maganar shi ne kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, an ɗaure hatsi, an sayar da wake, samari ba su kai ga shiga mota ba. A nan ne za a zauna, a nan ne za a zuba, a ajiye har rani.

Mu ɗalibai muna da rabonmu a wannan aiki, kuma ba ya buƙatar ko dala. Bakans ɗinmu yana faɗowa daidai tsakiyar damana, daga Yuli zuwa Satumba. An ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, amma a gidan mutum arba'in ba wanda ya san yoyon gidan gaba ɗaya. Ka samu kaye guda, irin wanda muke rubutu ciki a aji. Duk ranar da anka yi ruwa mai yawa, ka zagaya da safe, ka rubuta inda ya kwanta, bangon da ya jiƙe, indararon da ya karye, ɗakin da ke kulle wanda rufinsa ya lotsa. Ka tambayi tsofaffi wa ya gina wane sashe, wa ya haifi wa, su wa ke da haƙƙi da ba a ambatonsu, ka rubuta tun suna da rai. Kada ka shiga zaure da muryar mai koyar da iyayensa, ba za a saurare ka ba. Ka kai wa wanda ake jin maganarsa, ka ce, "Baba, ga abin da na gani, ko za a duba in an yi kaka?" Wataƙila a yi maka dariya a shekarar farko. Ka ajiye kayen, ka ƙara a kai baɗi.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi tsare mana bangayenmu da waɗanda ke kwana a bayansu.